Bitar auna salon shugabanci ta shugabannin makarantu: kar ka biya sai da fom ɗin malamai

Tunda abokan aiki sun dame ni da tambaya a kan bitar nan ta auna salon shugabanci da wani kamfanin horaswa yake tallata wa firinsifal da hedimastoci, bari in faɗi abin da na gani gaba ɗaya kowa ya huta. Bitar tana da amfani, wannan ba musu, amma abin da suke ba ka a kuɗin farko shi ne ɓangaren da amfaninsa bai taka kara ya karya ba, ɓangaren da yake da nama kuma sai ka ƙara kuɗi sannan. Ba zan kama sunan kamfanin ba don ba su kaɗai ke irin wannan harkar ba yanzu, kuma kusan duk tsarinsu ɗaya ne. Ni dai makarantar gwamnati nake riƙe da ita, sakandiren je-ka-ka-dawo, amma a zauren akwai 'yan makarantun kuɗi da na islamiyya da yawa, ta yiwu ma sun fi mu yawa.

Yadda abin yake shi ne, kana biya za su turo maka wani fom ta WhatsApp ka cike a waya kafin ranar bitar, sannan a yi zama na kwana biyu a zauren wani otal, a raba wa kowa sakamakonsa a ambulan, a yi bayani, a ba da satifiket. Fom ɗin da Turanci yake, ba wai mai wahala ba amma akwai jimlolin da sai ka karanta sau biyu, kuma babbar matsalarsa ita ce ba ya ajiye amsa, in sabis ya ɗauke kana tsakiya toh sai dai ka koma farko, wani abokin aikinmu da makarantarsa ke can ƙauye ya ce shi sai da ya shigo gari ya iya gamawa. Zauren kam ba laifi, da sanyi, janareto bai ba su kunya ba, an tsaya sallah a kan lokaci, abinci shinkafa da kaza ne irin na kowace bita. Wannan ya wuce.

Tambayoyin ba su suka ƙirƙiro tsarinsu ba, mai gabatarwar da kansa ya faɗa cewa sun kwaikwayi wani sanannen ma'auni ne da ake kira MLQ, wanda Bernard Bass da Bruce Avolio suka tsara a Amurka. Na asalin tambayoyi 45 ne, kowacce ka ba kanka maki daga 0 zuwa 4, wato daga "ko kaɗan ba na yi" zuwa "kusan kullum", kuma tushen tunanin daga James MacGregor Burns ne a 1978, sai Bass ya faɗaɗa shi a 1985. Sun kasa shugabanni gida uku. Akwai mai zaburar da mutane, wanda zai sa malami ya ji aikin nan nasa ne har ya yi fiye da abin da aka sa shi. Akwai na ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda, ka yi aiki a saka maka, ka kauce a kama ka. Sai na ukun ɗan ko-in-kula, wanda ba a ganinsa sai abu ya lalace, wani lokacin ko ya lalace ma ba a ganinsa. Fom ɗin kamfanin ya bi wannan sahun, sai dai sun canza kalmomin sun sa malamai da ɗalibai a inda na asali ke magana a kan ma'aikata.

Toh ga inda abin dariyar yake. Da aka buɗe ambulan, mai gabatarwa ya ce duk wanda makinsa mafi yawa ya faɗa a gidan zaburarwa ya ɗaga hannu, wallahi kusan duk zauren ne ya ɗaga. Ɗan ko-in-kula ko mutum ɗaya babu. A ce an tara shugabannin makarantu cike da zaure a ƙasar nan amma ba a samu ko ɗaya mai sakaci ba, ai da yanzu sakamakon WAEC da NECO ba haka yake ba. Wanda ke zaune a gefena dattijo ne da na daɗe da sani, mutumin kirki ne kuma makarantarsa tsaf take, amma kowa ya san in ya yanke magana ko mataimakinsa ba ya iya cewa uffan, na leƙa takardarsa na ga a tambayar da ke cewa kana neman ra'ayin malamai kafin ka yanke hukunci ya ba kansa 4. Na ce ranka ya daɗe huɗu fa? Ya ce ƙwarai kuwa, ai duk ranar Litinin sai ya tara su ya gaya musu abin da za a yi kuma ba wanda ya taɓa cewa bai yarda ba. Kuma ba ƙarya yake yi ba, har zuciyarsa haka ya ɗauka.

A ɗaya gefen kuma akwai wata Hajiya mai riƙe da makarantar 'yan mata, wadda malamai ke kamun ƙafa a mayar da su wajenta saboda yadda take tafiya da mutane, ita kuma ta bi ta ba kanta 2 a kusan komai. Da aka tambaye ta sai ta ce ita ba za ta zauna ta rubuta da hannunta cewa tana burge mutane ba, yabon kai jahilci ne, kuma in ta ce kullum tana yin abu alhali akwai ranar da ba ta yi ba ai ta yi ƙarya. Kun ga kenan fom ɗin da mutum ya cike wa kansa ba shugabancinsa kaɗai yake aunawa ba, har da kunyarsa da kawaicinsa da yadda yake ji da kansa. Kuma ba a nan kaɗai ba ne, a 1977 wata mai bincike K. Patricia Cross ta tambayi malaman jami'ar Nebraska a Amurka, fiye da kashi 90 cikin 100 suka ce su sun fi matsakaicin malami iya koyarwa. Toh waye matsakaicin kenan?

Sai dai in za a faɗi gaskiya mai gabatarwar ya san aikinsa, tsohon malami ne da ya ci alli ya ƙoshi, ba irin yaran nan da ke karanto rubutu daga jikin bango ba, kuma yana haɗawa da Hausa in ya ga an yi shiru da yawa. Darasin da ya fi tsaya min a rai shi ne na gwajin da Kurt Lewin da abokan aikinsa Ronald Lippitt da Ralph White suka yi a jihar Iowa, aka wallafa a 1939. Yara maza ne 'yan kimanin shekara 10 aka kasa su rukuni-rukuni suna 'yan ƙere-ƙeren hannu bayan an tashi daga makaranta, aka sa musu manya suna jagorantarsu da salo uku, kama-karya, shawara, da kuma a-bar-kowa-ya-yi-yadda-ya-so. Rukunin kama-karya suna aiki sosai matuƙar shugaban na tsaye a kansu, yana fita daga ɗakin sai aikin ya tsaya, kuma wasunsu sun riƙa huce haushinsu a kan junansu. Rukunin shawara kuwa ko shugaban ya fita suna ci gaba da abin da suke yi. Na ukun su ne suka fi kowa rashin taɓuka abin kirki. Wani abu da ban taɓa lura da shi ba duk da mun karanta wannan tun muna kwalejin ilimi, ashe jagororin nan juya su aka riƙa yi, mutum ɗaya ya yi wannan salon a nan ya je ya yi wancan a can, kuma yaran suna canzawa da salon ne ba da fuskar mutumin ba. Ma'ana abin ba halitta ba ce da za ka ce ni haka Allah Ya yi ni.

Daga nan sai ya ce kowa ya ajiye biro ya tuna ranar ƙarshe da aka kira shi ma'aikatar ilimi ko ofishin shiyya ya wuni a can, me ya tarar da ya dawo? An yi darasin bayan tara? An buga ƙararrawa a kan lokaci? Ko ƙarfe goma sha biyu yara sun cika titi da jakunkuna? Nan fa zauren ya yi tsit, dattijon nan na gefena ya ce a hankali shi dai in zai fita ba ya faɗa wa kowa, motarsa ma a makarantar yake barinta ya hau adaidaita don a ɗauka yana nan. Aka kwashe da dariya har shi. Ni a ganina wannan tambayar guda ɗaya ta fi tambayoyin fom ɗin gaba ɗaya fito da gaskiya, kuma kyauta ce.

Yanzu ga maganar kuɗi. Shi ma'aunin na asali da suka kwaikwaya fuska biyu gare shi, akwai fom ɗin da shugaba zai cike wa kansa, akwai kuma wanda mutanen da ke aiki da shi za su cike a kansa, tambayoyi iri ɗaya, sai a jera makin biyu a ga inda suka haɗu da inda suka raba hanya. Kamfanin sun san da haka sarai, don sai da aka gama raba ambulan aka gama dariya sannan suka ce af, duk mai son a auna shi ta bakin malamansa akwai wannan tsarin amma kuɗinsa daban. Wannan bai yi min daɗi ba ko kaɗan. Tamkar tela ne ya karɓi kuɗin ɗinki ya miƙo maka riga ba hannu, ya ce hannun sai ka ƙara. Da sun faɗa tun a talla da kowa ya zo da shirinsa, da yawa daga cikinmu daga aljihunsu suka biya ba wai makaranta ce ta ɗauki nauyi ba.

Na dai daure na ƙara, kuma nan ne na ga abin da na biya. Sun turo wa malamaina fom ɗin kai tsaye a wayoyinsu, ba suna, ba lambar waya a sakamakon, ni jimillar maki kawai na gani, kuma sun ƙi fitar da sakamako sai da adadin waɗanda suka cike ya yi yawan da ba zan iya cankar wane ne ya ce me ba. Wannan sun kyauta ƙwarai. Duk da haka sai da na tara malamai na rantse musu cewa ba zan ga amsar kowa ba, don malami ya san wanda ke sa hannu a fom ɗin ƙarin girmansa, wani tsohon malamin lissafi ma cewa ya yi "ranka ya daɗe ka dai faɗa mana abin da kake so mu cike mu cike." Kar wanda ya yarda a yi wannan abin a takarda, kowane firinsifal ya san rubutun malamansa ko a duhu.

A yawancin tambayoyi makina da nasu ba su yi nisa ba. Inda muka rabu sosai shi ne wajen tambayoyin sa ido a kan kuskure. Ni na ba kaina maki kaɗan don ban ɗauki kaina mai farautar laifi ba, su kuwa sun kusa cika min makin. Da na zauna na duba sai na gane tsayuwar da nake yi a bakin get da rijista a hannu kafin asambili ce, da layin jan biro da nake ja da ƙarfe takwas. Ni a wajena kula da haƙƙin yara ne, su a wajensu tarko ne. Kuma ba zan bari a daina tsayuwar ba, wannan na faɗa musu ƙarara, don na san abin da darasin farko yake komawa in aka saki. Amma ya kamata mutum ya san da wane ido ake kallonsa, kuma wannan ba yadda za a yi ka samo shi daga fom ɗin da kai ka cike. Abin da na yi kawai shi ne na mayar da rijistar hannun mataimakina, ni kuma lokacin na koma zagaya azuzuwa.

Wanda ya kawo ni kan babban giɓin da na gani a bitar baki ɗaya. A duk fom ɗin ba tambaya ko ɗaya a kan koyarwa. Ba a tambaye ka yaushe rabonka da ka zauna a bayan aji ka saurari darasi daga farko har ƙarshe ba, ko kana karanta tsarin darasin malamai ko sa hannu kawai kake yi, ko ka taɓa zama da malaman Turanci kun duba me ya sa yaran aji ɗaya ke zuwa ba su iya karatu ba. Dalili kuwa shi ne asalin ma'aunin ba don makaranta aka yi shi ba, a kan shugabannin kamfanoni da hafsoshin soja aka fara gina shi, canza kalmar ma'aikaci zuwa malami ba ta mayar da shi na makaranta. Alhali akwai wanda aka yi musamman don mu, PIMRS na Philip Hallinger, tun shekarun 1980, tambayoyi 50 a kan ayyuka 10 na shugaban makaranta, irin su duba koyarwa, bibiyar ci gaban ɗalibai, kare lokacin darasi kar a cinye shi da wasu hidimomi, da kasancewa ana ganinka a cikin makaranta ba kullum a ofis ba. Shi ma yana da fom na shugaba da na malamai. Kuma a 2008 Viviane Robinson ta jami'ar Auckland da abokan aikinta sun tattara bincike 27, suka ga tasirin shugabancin da ya mai da hankali kan koyarwa a kan sakamakon ɗalibai ya ninka na salon zaburarwa sau uku zuwa huɗu, kuma abin da ya fi komai tasiri shi ne shugaba ya shiga cikin horon malamansa a yi da shi, ba ya buɗe taro ya tafi ba. Na tayar da wannan maganar a zauren, mai gabatarwa ya ce ya san da shi kuma gaskiya ne, amma ba ya cikin abin da kamfani ya ba shi ya gabatar.

Sai kuma tambayoyin da ba su san halin da muke ciki ba. Akwai wadda ke cewa kana saka wa malamin da ya yi ƙoƙari da lada. Da me? Firinsifal na gwamnati ba shi ke ɗaukar malami ba, ba shi ke sallama ba, ƙarin girma daga sama yake zuwa, kana zaune za a kawo maka takardar canjin wajen aiki an ɗauke maka malamin kimiyya ɗaya tilo da kake da shi a tsakiyar zango. Ladan da ke hannunmu bai wuce yabo a gaban asambili, da rage wa mutum darasin ranar Juma'a, da ɗaga masa ƙafa ranar da matarsa ta haihu ba. 'Yan makarantun kuɗi kuma nasu ciwon daban, wani matashi ya ce shi sunan firinsifal kawai gare shi, mai makaranta ce ke yanke komai har da wanda zai riƙe aji nawa, ya ce in ana son a san salon shugabancin makarantarsu ita ya kamata a ba fom ɗin. Ba ko tambaya ɗaya kuma a kan yadda kake zama da SBMC, wato kwamitin mutanen gari mai kula da makaranta, ko na iyaye da malamai ko mai unguwa, wanda duk wanda ya riƙe makaranta a karkara ya san rabin aikin kenan.

Yammacin rana ta biyu an yi ta ne a guje. An taɓo tsarin Paul Hersey da Ken Blanchard na 1969, mai cewa ba salo ɗaya za ka riƙe wa kowa ba, wani umarni yake buƙata dalla-dalla, wani lallashi da bayani, wani a yi shawara da shi, wani kuma ka miƙa masa aikin ka matsa gefe. Wannan ai shi ne rayuwarmu ta kullum, ɗan bautar ƙasa da ya zo jiya bai taɓa tsayawa gaban yara tamanin ba, da malamar da ta koyar da kai kanka kana aji uku, ba za ka yi musu magana iri ɗaya ba. Ya cancanci wuni guda amma ko minti talatin bai samu ba, sauran lokacin ya tafi a tallan bita ta gaba da ɗaukar hoto da satifiket. Sun kuma yi alkawarin za a riƙa bibiyarmu a zauren WhatsApp, makon farko an ɗan yi, daga nan ya koma wajen tura talla da barka da Juma'a.

In da maki zan ba su, 3 ne cikin 5, kuma biyu daga ciki na mai gabatarwa ne. Sabon firinsifal ko mataimakin da ake shirin ba makaranta zai ƙaru sosai, wanda ya daɗe a kujera kuma in dai fom ɗin kansa kawai zai cike toh ya riƙe kuɗinsa, abin da ya riga ya yarda da shi a kan kansa za a buga masa a takarda mai kala. Kafin ka tura kuɗi ka tambaye su a rubuce ko fom ɗin malamai na cikin farashin, ka tambayi sunan wanda zai gabatar don na ji ba kullum wannan tsohon malamin da ya gabatar mana ke zuwa ba, kuma in kun kai ku biyar ko shida daga shiyya ɗaya ku je musu a tare, suna rage kuɗi in aka matsa.